Motar da ta shekara a kwance a New Bell: kada ka fara da makulli

Duk wanda ya saba ratsa lungunan New Bell, daga unguwar Hausawa zuwa wajen kasuwar Nkoulouloun, ya san irin motocin nan da ke kwance a gindin katanga, tayoyi sun sace, ganye ya taru a kan gilas. Yawanci tsofaffin Toyota ne, Starlet ko Carina ko Corolla. Wata mai ita ya tafi Ngaundare da niyyar wata biyu, ya shekara biyu. Wata ta marigayi ce, ana jiran rabon gado. Wasu kuwa tsadar mai ce ta kwantar da su: litar fetur da ake saye sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024.

Ranar da aka ce za a tashe ta, abin da kowa ke yi ɗaya ne: a aro batir wajen maƙwabci, a murɗa makulli, yara su tura. To, a nan ne ake kashe injin da bai mutu ba.

Duwala ba Garwa ba ce. A arewa mota na iya zama a rumfa ta sha ƙura kawai. Nan kuwa ruwan sama ya haura milimita 3,500 a shekara, ninki uku na Garwa har da ɗori, ga danshi dare da rana. Danshin nan yana shiga tankin mai ya zama ruwa, yana cin ƙarfen birki, yana sa tsatsa a cikin silinda. Bakin man da ke shafe injin kuma ya daɗe da gangarawa ƙasa. In ka tayar da ita haka, ƙarfe ne zai goga ƙarfe a bushe.

Aikin farko ba ya cin kuɗi sosai. Ka zaro ma'aunin bakin mai ka duba. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasan motar: busasshen laka a wurin yana nufin ambaliyar watan Agusta ta taɓa kai mata ziyara, ko da mutanen gida sun rantse ba ta kai nan ba. Sannan bakanike ya cire fulogai, ya ɗiga ɗan bakin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Washegari ya sa sifana ya juya injin da hannu. In ya juya lafiya, alhamdu lillahi, akwai mota. In ya cije, ka dakata da sayen komai, ku zauna ku yi lissafi tukuna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tsohon fetur kada a yi masa rowa, a zubar. Bayan 'yan watanni yana lalacewa, ya yi danƙo, ya toshe kafireta ko injekta. Na san da zafi mutum ya ga lita goma tana tafiya a wannan tsadar, amma wankin injekta da sabon famfon mai sun fi ta ciwo. A sa sabon bakin mai da filta. A buɗe gidan filtar iska, don ɓeraye na son sheƙa a wurin, kuma ba sa barin wayoyi lafiya. A juye ruwan lagireto, a matsa robobinsa a ji ko sun bushe.

Inda mutane suka fi yin ganganci shi ne birki. Man birki yana shan danshi daga iska ko motar ba ta motsa ba, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Idan ya sha ruwa, a cikin unguwa ba za ka gane ba. Sai ranar da birkin ya yi zafi a gangara, da lodi a baya, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. In kuma an bar birkin hannu a ɗage duk tsawon zaman, ƙafafun baya sun manne, sai an kwance an goge. Ga bel ɗin tayimin: roba ce, shekaru ke cinye ta ko ba a yi tafiya ba, kuma a wasu injuna in ta tsinke sai ta lanƙwasa bawul. Wannan, in ba ka san ranar da aka sa ta ba, canza ta.

Kayan gyara, Camp Yabassi ne, kowa ya sani. Na gwanjo ya halatta a fitila, madubi, sitata, ƙofa. Amma bel, takalmin birki da filta, saya sababbi, araha ba ta ado. Ka tafi da tsohon a hannu don a gwada, ka kuma tafi da bakanikenka. Taya ta gwanjo kuwa duba gefenta: akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Zanenta na iya yin kyau alhali ta tsufa ta tsattsage.

Sai takardu, waɗanda da yawa ke mantawa da su a lissafi har sai ɗan sanda ya busa usur. Inshora ta ƙare, kuma tun 2017 a wajen biyanta ake haɗawa da kuɗin binyet. Takardar duba lafiyar mota ma ta mutu. In motar gado ce, kat giriz na ɗauke da sunan marigayi, sai an bi hanyar sauya shi. A ware kuɗin waɗannan kafin a yi maganar fenti ko gyaran kujeru. Fenti dai zai jira bayan sallah.

Fitar farko kada ta wuce zagayen unguwa. Ka dawo, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka ga me ya ɗiga. Bayan mako guda ka tsallaka gadar Wouri zuwa Bonaberi cikin cunkoson yamma, idonka a kan allurar zafi. In ta je ta dawo ba ta tafasa ba, sannan a fara zancen hanyar Yawunde.