Hayaƙin Da Ke Komawa Cikin Inji

Ƙungiyar manoma da ta haɗa kuɗi ta sayi akori-kura, galibi ba sabuwa ta saya ba. Kwance ce wadda ta gama aiki a Turai ko Amurka kafin ta iso hannunmu. Ita ke ɗauko taki daga gari, ita ke kai masara kasuwa, wani lokaci ma ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. In ta kwanta a farkon damina, aikin gidaje da yawa ya tsaya. Saboda haka muna so mu yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da ke jikin irin waɗannan motoci, wanda in ya ƙazantu yakan sa a ce inji ya gaji, har a kashe kuɗin ringi ko na nozul a banza.

Makanikai suna kiransa EGR. Bawul ne, wato wata 'yar ƙofa da ke tsakanin hanyar salansa da hanyar da inji ke shaƙar iska. Aikinsa shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone ya mayar da shi cikin inji. Mai karatu zai ce, don me za a ba inji hayaƙi? Dalilin shi ne zafi. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. In wutar cikin inji ta kai wajen digiri 1,400, sai wannan iska ta haɗu da oksijin su zama guba mai cutar da huhu. Hayaƙin da ya ƙone ba ya sake ci da wuta, don haka in an gauraya shi da sabuwar iska sai zafin ya ragu. A Amurka aka fara sa wa motoci wannan bawul da yawa, wajen shekarar 1973, bayan an yi dokar hana ɓata iska. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu kafireta da muka saba da su ba su da shi, haka ma wasu motocin da aka ƙera don kasuwar Afirka. To, kafin kome, a buɗe bonet a tabbata akwai shi.

Abin da ke damun wannan bawul, sau da yawa ba karyewa ba ce, kunkunniya ce. Kamar yadda hayaƙin murhu ke baƙanta jinkar ɗaki, haka na inji ke barin baƙi a duk inda ya bi. Wannan baƙin yakan kama bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko kuwa ya toshe hanyar gaba ɗaya. Kowanne da alamarsa.

Mu fara da injin fetur, kamar 22R-E na Toyota, mai lita 2.4, wanda aka sa wa akori-kurar Amurka har 1995. A irin wannan inji bawul ɗin a rufe yake lokacin da mota ke sulo ko inji bai yi zafi ba. Sai an kama hanya yake buɗewa. Idan ya maƙale a buɗe, motar za ta riƙa karkarwa a sulo, ta mutu a bakin shingen 'yan sanda ko a cikin kasuwa, amma da an taka totur sai ta ware kamar ba abin da ya same ta. Idan kuwa hanyar ce ta toshe, sulo lafiya lau, sai an yi lodi an kama hawa za a ji inji yana ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Kada a raina wannan ƙara. In ta daɗe tana cinye fistin.

Gwajinsa ba wuya. Tsohon bawul yana aiki ne da zuƙar iska ta wani siririn tiyon roba. A fara duba tiyon, gama zafi yakan busar da shi ya tsage, ɓera kuma yana son sa, balle motar da ke kwana kusa da rumbu. Kuɗinsa bai kai na mudun gero ba. In tiyo lafiya, a bar inji ya yi zafi yana sulo, sai makaniki ya ba bawul ɗin zuƙa kai tsaye da ɗan famfon hannu. Injin ya kamata ya yi tuntuɓe ko ya mutu. In ya yi haka, bawul yana motsi kuma hanya a buɗe take, sai a nemi laifin a wajen abin da ke ba shi umurni. A Toyota akwai wani ɗan faifai kusa da shi mai ƙaramar matata a ƙarƙashin murfi, ita ma takan cika da datti. In kuwa injin bai ko kula ba, to bawul ya kafe ko hanya ta toshe.

Injin gas nasa daban ne, kuma ya fi yin datti. Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2015 mai inji 2KD ko 1KD, bawul ɗinsa yakan buɗe har a sulo, don haka gwajin da muka faɗa ba nasa ba ne. A nan kunkunniya tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama kamar kwalta, ta yi ta cin faɗin bututun iska har ya ƙuntata. Sai mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa baƙin hayaƙi, shan mai ya ƙaru. Waɗannan alamu kuwa su ne na nozul mai lalacewa, shi ya sa ake ruɗewa. A ganinmu, ma'ajin ƙungiya kada ya fitar da kuɗin nozul sai an kwance bututun nan ya gani da idonsa. Wasu motocin kuma suna da tukunyar da ke sanyaya hayaƙin da ruwan lagireto. In ruwa yana raguwa, ba a ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi a salansa, a tuna da ita kafin a ce gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Motar da aka yi don Amurka daga 1996 zuwa sama tana da wurin da ake sa na'urar karanta kwamfutar mota. In ta nuna P0401, hayaƙin da ke komawa bai isa ba. In P0402 ne, ya yi yawa. Amma lambar ba ta ce a sayi sabon bawul ba. Ta nuna unguwar da ɓarawo yake ne kawai, ba ta kama shi ba.

Wankinsa aikin wuni ɗaya ne. A bar inji ya huce sarai. A kwance bawul da bututunsa, a kankare baƙin da abin da ba zai yi wa ƙarfe rauni ba, a wanke da maganin wanke kafireta. A toshe ramukan inji da tsumma mai tsabta don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. In bawul ɗin mai wuta ne, kada a jiƙa ɓangaren wayarsa. A sa sabon gasket wajen mayarwa.

Akwai masu cewa a yanka gwangwani a toshe hanyar kowa ya huta. Don gwaji na ɗan lokaci wannan dabara tana da amfani: in an toshe sulo ya daidaita, an gane bawul ne ke yoyo. Amma barinsa haka ba mu goyi bayansa ba. Injin fetur zai ƙara zafi da ƙas-ƙas. A mota mai kwamfuta fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne, ran da wata babbar cuta ta zo direba ba zai sani ba. Gubar kuma yaran da ke lodi a bayan mota su ne za su fara shaƙarta.

Abin da ke saurin tara baƙin mun san shi: gurɓataccen mai na bakin hanya, baƙin man da ya wuce lokacin juyewa, matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, da barin mota tana sulo awa guda ana jiran a gama ɗaura buhuna. A kashe ta in ana lodi. A rubuta ranar wankin bawul a littafin motar, kusa da ranar juyen mai, a kuma sa a duba shi a watan Afrilu, kafin jigilar taki ta kankama.