Daga Ɗan Issa zuwa ƙolin Dala: tafiyar yini guda

Ƙasar Ɗan Issa shimfiɗe take. Daga tabkin Madarunfa har iyakar Jibiya, gonakin hatsi ne da fadamu, babu tudun da mutum zai hau ya hangi nesa. Amma ƴan kasuwar garin da direbobinsa sun saba da hanyar Katsina zuwa Kano kamar hanyar gona. Su sari yadi a Kantin Kwari, su biya ta Kurmi, su juyo, alhali ga Dala da Goron Dutse tsaye a cikin birni, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa hawa.

Dutsen Dala ya kai mita 534 bisa teku, amma daga gindinsa zuwa ƙoli ba nisa, matakala ce wajen 100. Saboda haka ayarin abokai ko na ƴan lakwal na iya haɗa duwatsun biyu a yini guda. Masu hawa kan soma da Dala bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi zafi ba, kowa da gorar ruwansa, a sa dattijai gaba domin kada a bar su baya. In an sauko a karya kumallo a cikin unguwa, sannan a nufi Goron Dutse ta yamma. Lokacin ɗari ya fi daɗin hawa, ko da yake in hazo ya sauka ba a hangen nesa. Wanda zai taso daga iyaka gara ya kwana Kano, domin tafiyar dare a hanyar Jibiya kasada ce tun da ƴan bindiga suka addabi yankin.

A ƙolin Dala ne ake gane inda Kano ta faro. Masu binciken ƙasa sun sami shaidar narkar da tama a nan tun ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya ce Barbushe, babban bokan mutanen Dala, sau ɗaya a shekara yake shiga wurin Tsumburbura ya fito da labarin abin da zai faru. Daga sama ana hangen unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), da abin da ya saura na ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma a ƙarni na 12.

Mutanen jahar Maraɗi ma da nasu rabo a wannan tarihi. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratso Tasawa da Gazawa da Katsina, ya isa Kano, ya hau Dala ya zana birnin da hannunsa. Hanyar fatake ya biyo, irin wadda jikokinsu ke bi yau da mota.

Sai dai mai hawa zai ga abin da ba zai yi masa daɗi ba. Gidaje sun matse gindin dutsen, ruwan damina yana zaizaye gefensa, ga shara a wurare da dama. Ganuwa kuwa an cinye da yawanta da gine-gine. Tun 2007 Najeriya ta sa Dala da ganuwa da Kurmi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya, amma takarda ba ta tare zaizaya. Wurin da jama'a ke ziyarta shi hukuma ke jin kunyar bari ya lalace.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗan kasuwar da ya ware safiya guda cikin tafiyarsa, ya hau da ƴaƴansa ko yaran shagonsa, zai koma Ɗan Issa da labarin da babu jami'in duwan ɗin da zai karɓi ko dala a kansa.