Me Ya Sa Abinci Yake Yin Abin Al'ajabi a Cikin Labarai?

A wannan makon zan yi bayani a kan wani irin ƙagaggen labari da za mu iya kira labarin zahiri mai ratsin al'ajabi.

Ga yadda yake. Marubuci zai kawo gari na gaske, da kasuwa da gonaki da mutane irinmu. Sai ya sa abu ɗaya wanda ba zai taɓa yiwuwa ba, kuma mutanen cikin labarin ba sa mamakinsa. Nan ya bambanta da tatsuniya, inda Gizo da Ƙoƙi da dodanni suke zaune a duniyarsu daban. Wanda ya fi shahara da wannan salon shi ne Gabriel Garcia Marquez ɗan ƙasar Kolombiya, wanda ya ci kyautar Nobel a 1982.

Sau da yawa abin al'ajabin a tukunya yake faruwa. A 1989 wata marubuciya 'yar Meksiko, Laura Esquivel, ta fitar da littafi a kan wata yarinya mai suna Tita. An hana ta auren wanda take so, aka ba shi yayarta, kuma aka sa ta yin kek ɗin bikin. Hawayenta suka zuba a cikin kwaɓin. Duk wanda ya ci sai baƙin ciki ya kama shi, ya dinga kuka. Tita ba ta da bakin magana a gidansu, shi ne abincin ya yi magana a madadinta.

Mu ma muna da tushen wannan. Ku tuna tatsuniyar Ta-kitse. Sarki ya sa aka yanka san wata tsohuwa, wanda shi kaɗai ta mallaka. Ta kawo kitsen gida ta rufe, sai ya zama budurwa. Wato daga abin da ta rasa ta sami 'ya. Amma Ta-kitse ba ta iya zafi, don haka da kishiyoyi suka matsa mata a gidan miji, sai ta narke. Ashe labarin yana magana ne a kan rashi, da kuma wahalar zama inda ba a san halinka ba.

To me ya sa abinci? Domin mutum yana iya barin gidansa da gonarsa, amma ɗanɗanon miyar mahaifiyarsa yana tafiya da shi. Ƙamshin daddawa kaɗai yana iya tuna masa da wanda ya rasu.

Wannan ya shafe mu. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni. Wasu sun tsallaka jihar Maraɗi a Nijar, wasu suna cikin gari tare da mu, har da 'yan ajinmu. Da yawansu ba sa son a tambaye su abin da ya faru, kuma bai kamata a takura musu ba. Irin wannan labarin yana ba mutum hanyar faɗin abin da ke ransa ba tare da ya ambaci sunan kowa ba.

Ga misali. Wata mata ta gudo Isa da ludayinta kawai. Duk wanda ya sha furar da ta dama da shi, sai ya ji carar zakarun ƙauyensu. Ranar da maƙwabciyarta ta kawo mata hoce, ta ci, sai ita ma ta fara jin zakarun Isa. Daga ranar ta soma barci.

Duk mai son gwadawa ya zaɓi abinci ɗaya, da abin al'ajabi ɗaya tak, ya rubuta shafi guda ya ba ƙungiyarmu. Za mu liƙa shi a wannan allon. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu