Jaruman takarda da mazan jiya: me ake kewa a tsofaffin littattafan zane na yaƙi?

Makiyaya da ke ruga, da 'yan kasuwa da ke jiran a buɗe shinge a Beloko ko Garoua-Boulaï, sannunku da ƙoƙari. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, don wanda bai samu saurare ba.

Maganar ta taso ne daga wata tsohuwar akwatin ƙarfe a gidan kawuna a Yakité, nan Kilomita Biyar. Muna kwashe kaya sai ga tulin ƙananan littattafan zane, waɗanda ake ce wa BD da Faransanci, takardun duk sun yi ja, gara ta ci gefensu. Kawu ya ɗauki ɗaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, lokacin nan an san mugu, an san nagari." Ni ban kai shekara talatin ba, ban ga zamanin ba. Shi ya sa na je na bincika, don mu gane tare: me dattawanmu ke kewa a cikin waɗannan littattafai?

Bari mu fara da asali. A Amurka aka ƙirƙiro jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Superman ya fito a 1938. A ƙarshen 1940 aka fara haɗa irinsu wuri guda su zama ƙungiya, aka kira ta Justice Society of America. A daidai wannan lokaci wasu samari biyu Yahudawa, Joe Simon da Jack Kirby, suka zana Kyaftin Amurka yana kai wa Hitila naushi a bangon littafin farko. Ku lura, a lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, sai da Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941. Wato zanen kira ne a tashi a yi yaƙi, kamar yadda maroƙi ke zuga sarki. Shi Kirby ma daga baya ya sa kakin soja ya je fagen daga a Turai.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Yawancin labaran ƙungiyoyin jaruman yaƙi da ake kewa yau ba a lokacin yaƙin aka rubuta su ba. Wani marubuci mai suna Roy Thomas, wanda aka haifa a 1940, yaƙin ya ƙare yana ɗan yaro, shi ya dawo da su bayan shekara talatin. A 1975 ya fara jerin The Invaders a kamfanin Marvel: Kyaftin Amurka da yaronsa Bucky, da mutumin wuta da yaronsa Toro, da Namor sarkin ƙarƙashin teku, duk sun haɗu suna yaƙar Jamus. A 1981 ya sake yin irinsa a kamfanin DC da suna All-Star Squadron, wanda ya kai har 1987.

Me ya sa a 1975? Ku tuna shekarar ce Amurka ta fita daga Biyetnam da kunya, shekara guda bayan shugabanta Nixon ya sauka daga mulki saboda abin fallasa. Mutane sun gaji da yaƙin da ba su san dalilinsa ba, sai suka koma neman wanda suke ganin mai tsabta ne. Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Ashe littafin da kawu ke kewa, shi kansa kewa ce ta haife shi.

Ta yaya suka iso mana? Ta Faransa. Wani kamfani a birnin Lyon mai suna Lug ya riƙa fassara labaran Marvel a mujallar Strange tun 1970. Shi ne kuma ya buga Zembla, da Kiwi mai ɗauke da Blek le Roc, ƙaton nan da shi da abokansa biyu, yaro Roddy da malam Occultis, ke yaƙar sojojin Ingila masu jajayen riguna. Da su da Akim suka cika kasuwannin ƙasashen renon Faransa. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa, wanda ya yi lakwal ya karanta, sauran su bi hoto.

Dalilin daɗinsu ba ɓoyayye ba ne, musamman ga makiyayi da ɗan kasuwa. Kowa a ƙungiyar da baiwarsa: wannan ƙarfi, wancan gudu, wancan dabara. Ana gardama, amma ba a barin ɗan'uwa a baya. Duk wanda ya taɓa kora shanu daga Cadi zuwa kudu, ko ya bi ayarin manyan motoci daga Duwala zuwa Bangui, ya san darajar wannan. Mutum ɗaya ba ya ratsa daji.

Sai dai akwai abin da zanen ke sharewa. A ciki ba ka ganin gawar yaro, ba ka ganin garken da aka kora, ba ka ganin rumfar da ta ƙone. Har marubutan sai da suka nemi dabarar bayyana me ya hana Superman gama yaƙin cikin yini ɗaya: suka ce wai Hitila na da wani mashin tsafi da ke juya hankalin jarumin da ya kusanci ƙasarsa. Baƙar fata kuwa, a littattafan shekarun 1940 in ya fito to abin dariya ne, kamar wani yaro da aka zana a Young Allies a 1941. A 1983 Roy Thomas ya saka baƙin jarumi, Amazing-Man, a cikin ƙungiyarsa.

Alhali mu nan Bangui muna da ƙungiya ta gaske. A ƙarshen Agusta 1940 ƙasar nan, lokacin tana Oubangui-Chari, ta bi bayan Janar de Gaulle. A Nuwamba na shekarar aka kafa bataliya ta biyu, BM2, a nan garin, ƙarƙashin Robert de Roux, wanda barikin soja ke ɗauke da sunansa har yau. Suka yi yaƙi a Siriya a 1941, sannan a hamadar Libiya, a Bir Hakeim, inda suka tsaya gaban sojojin Rommel daga ƙarshen Mayu zuwa 11 ga Yuni 1942. A cikinsu akwai Laftanar Georges Koudoukou, haifaffen Fort-Crampel, wato Kaga-Bandoro ta yau. An ji masa rauni a can, ya rasu a Iskandariya ta Masar ranar 15 ga Yuni 1942. Babban titin da kuke bi da kayanku a Kilomita Biyar, sunansa ne a kai. 'Yan'uwanmu na Najeriya kuma suna da nasu mazan jiya, 'yan Boma, da suka yaƙi Japan a runduna ta 81 da ta 82, inda Hausa ta kasance harshen bariki.

Waɗannan ba su samu bangon littafi mai launi ba. A kaka ta 1944 Faransa ta janye sojojinta baƙaƙe da yawa daga fagen daga ta maye gurbinsu da fararen fata. Ranar 1 ga Disamba na shekarar aka harbe tsofaffin sojoji a Thiaroye kusa da Dakar don sun nemi haƙƙinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar nan ba ta yara kaɗai ba ce. Bayan 5 ga Disamba 2013, da aka yi wa unguwar nan ƙawanya, samari suka haɗa ƙungiyoyi suka ce za su kare mu. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauke su jarumai, kuma tsoron da ya jawo hakan na gaske ne. Amma kun san yadda ta ƙare: haraji a kan kowace rumfa, haraji a kan kowace mota, har a Disamba 2019 'yan kasuwa suka ce ya isa, aka gwabza, mutane da dama suka mutu, shaguna suka ƙone. Makiyaya ma sun san masu cewa sun zo kare Fulani, sannan su ƙirga shanu su ɗebi nasu. A littafin zane jarumi ba ya cin abinci, ba ya sayen harsashi. A zahiri duk ƙungiyar da ta ɗauki bindiga sai wani ya ciyar da ita, kuma yawanci ku ne.

Ban ce a ƙona akwatin kawu ba. Ni ma na karanta, na ji daɗi. Shawarata dai, in yaronku ya ɗauko irin wannan littafi, ko ya kalli fim ɗin Kyaftin Amurka a waya, ku zauna da shi ku yi masa tambaya biyu: wa aka bari a wajen hoton nan, kuma wa ya biya kuɗin yaƙin? In yana jin Faransanci, ku nema masa Tempête sur Bangui na Didier Kassaï, ɗan ƙasar nan, wanda ya fito a 2015. Shi ya zana rikicinmu yadda talaka ya gan shi, ba mai tashi sama, ba mai mashin tsafi. Ranar da kuka bi titin Koudoukou tare kuma, ku gaya masa ko wane ne mai sunan.

Duk wanda kakansa ya je Bir Hakeim ko Boma, ya aiko mana da labarin ta hannun direbobi ko ta waya, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.