Bawul Yana Motsi, Raga Tana Bin Sa

A gidajen Karu da yawa, daga rijiyar burtsatse ake samun ruwa, inji ya tura shi sama zuwa tanki. Da an ɗauke wuta sai ruwan da ke cikin bututu ya juyo ƙasa, bawul ɗin da ke hana shi komawa ya rufe da ƙarfi, har a ji bugun a jikin bango. Tun a 1898 Nikolai Zhukovsky ya auna irin wannan bugu a bututun ruwan birnin Mosko. A bututun ƙarfe, in aka tsayar da ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa farat ɗaya, matsin da zai ƙaru ya kai na ruwa mai zurfin kusan mita 100. Shi ke sa mahaɗar bututu ta fara yoyo.

Masu ƙera bawul suna son ganin wannan bugu tun kafin su narka ƙarfe. Sai su zana cikinsa a kwamfuta, su yanyanka hanyar ruwan zuwa ƙananan gidaje dubbai ko miliyoyi, kamar idanun ragar masunta. A kowane gida ana lissafa matsi da gudu, da abin da ya shiga da abin da ya fita.

To amma murfin bawul ba a tsaye yake ba. Yana matsawa, gidajen da ke gabansa suna matsewa, na bayansa suna miƙewa. A 1974 Hirt da abokan aikinsa a Los Alamos ta Amurka suka fito da hanyar da raga za ta riƙa tafiya tare da ƙarfen, a riƙa cire gudunta daga gudun ruwa. In aka yi sakaci da wannan, kwamfuta sai ta ƙago ruwan da babu shi. Gidan da ya lanƙwashe fiye da kima kuwa, cire shi ake yi a sake saƙa wurin. Charles Peskin, da yake nazarin bawul ɗin zuciyar mutum a 1972, ya bi wata hanya dabam: ya bar raga a tsaye, bawul ya ratsa ta yana tura ruwa.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne daidai lokacin rufewa. Ratar da ruwa ke bi tana tsukewa har gidajen cikinta su rasa faɗi, wani ma ya kife, lissafi ya tsaya cak. Don haka injiniyoyi kan bar 'yar siririyar rata, su ɗauka an rufe. A ganina nan ya kamata a fi sa ido, domin a wannan ƙiftawar ido bugun yake faruwa. Ɗalibin da ke gwaji da OpenFOAM, manhajar irin wannan lissafi da ake samu kyauta, ya rage ratar da rabi, ya sake lissafi. In matsin ya sauya sosai, sai ya ƙara ragewa.