Daga Bagadaza ta cikin allo zuwa kwaltar Maradi: abin da ƴan gem ke mantawa in sun hau babur

Bayan sallar isha'i, ƙofar shagunan gem a Maradi takan cika da babura, an jera su kamar a bakin kasuwa. Galibin samarin ƙwallo suke bugawa a PlayStation. Amma a wani lungu za ka tarar da biyu ko uku sun yi tsit, idonsu a kan wani birni mai katanga da hasumiyoyi. Assassin's Creed Mirage ke nan, wasan da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a watan Oktoban 2023.

Labarin ya fara a shekarar 861, zamanin daular Abbasiyya, shekarar da aka kashe halifa Mutawakkil. Mai wasa yana riƙe da Basim, ɓarawon titi da ya shiga wata ƙungiyar ɓoye. Basim ƙirƙira ne, amma Bagadaza gaskiya ce: birni mai da'ira da halifa Mansur ya aza harsashinsa a 762, da Baitul Hikma inda aka yi ta fassara littattafan Girkawa da Farisawa zuwa Larabci. Yau babu abin da ya rage a tsaye na wancan birnin, don haka daga tsoffin rubuce-rubuce aka sake zana shi. Ana iya sa muryoyin su koma Larabci, har wanda ya yi islamiyya yakan tsinci kalmomin da ya sani. Ni kaina, a lakkwal ban riƙe sunan halifan Abbasiyya ko ɗaya ba. A nan na riƙe biyu.

Wasan ba ya son gaggawa. Wanda ya afka gidan dogarai kai tsaye, nan take za su yi masa taron dangi. Gwani yakan tsaya kan soro, ya saki gaggafarsa Enkidu ta leƙo masa ko'ina, ya ƙirga masu gadi, sannan ya motsa. In kuma an kashe shi, allo ya yi fari, ya dawo ya sake.

Sai a tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Yaron nan da ya yi minti biyar yana nazarin ƙofa guda, shi ne zai ɗauki abokai biyu a baya, ba hular kwano, wani sa'in ba fitila, ya murɗa totur ya ratsa mararraba bai duba hagu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin ɗari. "Daidai" ɗin nan na nufin a ɗaure igiyar haɓa. Hular da aka ɗora kawai don idon ɗan sanda, ita ke riga mai ita faɗuwa ƙasa.

Lissafin gudu ma ba wuya. Babur da ke tafiya kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Duba saƙo ɗaya a salula ya isa ka tarar da amalanken jaki marar fitila, ko yashin da iska ta taro a gefen kwalta, wanda ke kwashe tayar gaba in aka damƙe birki da ƙarfi.

Da yawa daga cikin baburan nan, da na'urorin wasan ma, kuɗinsu daga Libiya, Aljeriya ko Abijan ya fito, yayye ne suka aiko wa ƙanne. Akan kira a tambayi launin babur da ƙarfin injinsa, a nemi a turo hoto ta WhatsApp. A hoton da ake turawa, ƙanen na zaune bisa sabon babur, kansa a buɗe.