TANADIN CIMAKA A GIDAN MANOMIN KAƊA

Wannan takarda maganar rumbu ta ke yi. Kaɗa tana kawo kuɗi, amma ba a tuƙa tuwo da ita. Manomin da ya cika ɗaki da kaɗa ya bar rumbu wayam, abincin iyalinsa yana hannun kasuwa. Ran da hanya ta toshe kuwa, kasuwa ba ta da tausayi.

ABIN DA MUKA GANI

Ran 26 ga Yuli 1923 ba mu sani ba, amma ran 26 ga Yuli 2023 kowa ya san inda ya ke. Ran nan ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Bayan kwana huɗu ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi. Aka rufe iyakar Nijeriya da ta Benin, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarki. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano suka yi cirko-cirko a Malanbil, ba su ƙetare gada zuwa Gaya ba. Shinkafa da mai da sukari suka hau. Sai ran 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, watau bayan kamar wata bakwai.

Ku lura da lokacin da abin ya zo. Tsakiyar damana ce, sa'ad da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo kuwa bai nuna ba. Wanda ke da saura a rumbu ya ci gaba da noma hankali kwance. Wanda ba shi da kome ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya sami tiya guda, ciyawa ta cinye kaɗarsa.

Dattawa sun ga irin wannan tun kafin a haife mu. A 1984 ruwa ya ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta cikin watan Afrilu, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar nan suna El-Buhari. A 2005 kuma, bayan fari da fara na 2004, akwai hatsi a kasuwa amma tsada ta hana talaka awo. Kakanninmu suna ba da labarin Kakalaba ta 1913 da 1914. Duk wanda ya tsira da sauƙi a waɗannan shekaru, za ku tarar mai tsimi ne.

TANADI DABAM, RUBUBI DABAM

Tanadi da kaka a ke yinsa, sa'ad da hatsi ke araha, a natse, da lissafi. Rububi kuwa ran tsoro a ke yinsa. Wani ya ji labari a wayar salula wai gobe ba sauran shinkafa, ya ruga kasuwa. Maƙwabcinsa ya gan shi, shi ma ya ruga. Ɗan kasuwa ya ga mutum goma a kan buhu ɗaya, ya ƙara kuɗi. Ta haka tsoron tsada shi da kansa ya kan jawo tsada.

A cikin Agusta 2023 na ga wani magidanci a karkarar da na ke aiki ya sayar da tunkiyarsa mai ciki da arha, ya sayi shinkafa da tsada. Bayan wata biyu sabon gero ya shigo, ga shinkafa ta ƙare, ga tunkiya ta tafi. Da ya bar buhu biyu na gero tun kaka, da tunkiyarsa ta haifa masa a gida. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Akwai kuma mai sayen hatsin gari ya kulle, yana jiran yunwa ta tsananta ya sayar. Wannan ɓoyo ne, yana cutar jama'a, ba shi mu ke koya muku ba. Abin da mu ke nufi shi ne abincin iyalinka na shekara, da iri, da ɗan ƙari.

YADDA A KE LISSAFI

Kada ka tsaya bakin rumbu ka ce da ido, “Wannan ya isa.” Ido ba mudu ba ne. Ga yadda za ka yi.

1. Tambayi uwargida tiya nawa ta ke dakawa kullum, har da na fura da na kunun yara. Ita ta fi ka sani.

2. A ce gida mai mutum takwas yana cin tiya 2 a rana. A wata guda tiya 60 ke nan. Tiya 40 ita ce buhu mai kilo 100, saboda haka buhu ɗaya da rabi ne a wata. A shekara buhu 18.

3. Ƙara buhu 2 saboda baƙi da suna da gayya. Ya zama buhu 20. Zakka kuwa a fitar da ita tun farko, kada a haɗa ta cikin wannan lissafi.

4. In dami ka ke ajiyewa, ɗauki dami uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuka a auna. Ka raba abin da ka samu gida uku, ka san tiyar dami ɗaya ke nan. Damin wani gari ba ɗaya ya ke da na wani ba, shi ya sa sai ka auna naka.

5. Iri a ware shi dabam, a zaɓi zangarniya mai kyau tun a gona. Wanda ya ci irinsa da bazara, bashi zai ci da damana.

In lissafinka ya nuna giɓi, ka san shi tun Nuwamba. Kana da lokacin cike shi kafin hatsi ya hau.

KUƊIN KAƊA

Ran da aka biya ka kuɗin kaɗa, kafin ka isa wurin mai yadi ko mai babur, raba su. Kashi na fari na biyan bashin taki da magani ne, don a sake ba ka baɗi. Kashi na biyu na cike giɓin rumbu ne. Abin da ya saura shi ne na tufafi da biki. Hatsin Janairu ya fi na Oktoba tsada kaɗan, amma ya fi na Yuni da Yuli araha nesa.

Wani lokaci kuɗin kaɗa su kan yi jinkiri, sai manomi ya fasa rumbu ya sayar da gero a farashin kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da damana. Babu asarar da ta kai wannan. In ƙungiyarku tana da mangaza, ku yi ajiyar jingina, wadda a ke kira warantaj. Kuna zuba buhunanku a mangaza, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun da ya ba da rance. Kuna karɓar rance ku yi kiwo ko noman rani. In kun biya, a buɗe a ba kowa hatsinsa sa'ad da ya yi daraja. Garin da ke da bankin cimaka kuma ya riƙe shi da amana, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ofishin OPVN, wanda aka kafa a 1970, ya saba sayar da hatsi da rahusa lokacin da rumbuna suka ƙare. Taimako ne, amma ba ya isar kowa, ba ya kuma zuwa ran da ka ke so. Kada ka ɗora tukunyarka a kansa.

ABIN DA A KE AJIYEWA

Gero da dawa su ne tushe. A zangarniya sun fi daɗewa bisa ga tsaba, tsaba kuma ta fi gari. Garin gero ba ya kwana da yawa sai ya yi ɗaci, don haka a daka na kwana biyu ko uku kaɗai. Bayan hatsi sai wake. Bayan wake sai kayan miya: busasshiyar kuɓewa, da kuka, da yakuwa, da barkono, da kauɗar tumatir, da daddawa. Wannan aikin mata ne, maigida ya taimake su da tabarmar shanya da tukwane masu murfi. Gishiri da kanwa da sabulu da ashana ba sa lalacewa in ba su ga laima ba, a riƙa saye kaɗan kaɗan kowace kasuwa.

Akwai abin da bai kamata a tara ba. Man gyaɗa in ya daɗe ya kan canza wari. Maganin asibiti yana da ranar mutuwa, zafi kuma yana ɓata shi. Mai ciwon da ke shan magani kullum ya nemi shawarar likita. Man fetur kuwa kada a ajiye shi cikin gida, balle kusa da ɗakin kaɗa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye aikin shekara.

Ku tuna kuma in hanya ta toshe, takin zamani ma ba ya zuwa. Ku tara takin gida tun rani, ku kai gona kafin ruwan fari.

TSARON RUMBU

Abokan gāban ajiya uku ne: laima, da ƙwari, da ɓera.

Kada a zuba hatsi sai ya bushe sarai. Ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko kuwa ka zuba tsaba da busasshen gishiri cikin kwalba marar laima, ka toshe, ka girgiza, ka bar ta ɗan jimawa. In gishiri ya manne jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna da dafin da ke lalata hanta. Kada a ci, kada a ba yara.

A share rumbu a ƙone sharar kafin a zuba sabo, a liƙe tsaga, a gyara jinka. Sabo da tsoho kada su haɗu, a fara cin tsoho. Ruwan 2024 ya rushe rumbuna da yawa, saboda haka a kafa rumbu kan tudu, bisa duwatsu. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a sa masa itace ƙarƙashi.

Wake ya fi kome saurin cin ƙwaro. Maganinsa buhu mai riɓi uku, wanda a ke kira PICS. An gwada shi tare da ma'aikatan binciken noma na INRAN a Maraɗi, ya fara yaɗuwa daga 2007. Leda biyu ce ciki, buhu ɗaya waje. A duba kada akwai huji, a zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Tanon ƙarfe mai murfi ma yana yi, in an cika shi fal an toshe an sa shi inuwa. Mai wake kaɗan ya cuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano.

GARGAƊI

Maganin feshin kaɗa guba ne. An yi shi don tsutsar kaɗa, ba a yi shi don abin da za a ci ba. Kada a yayyafa shi a wake ko hatsi, wanki ba ya fid da shi. Kwalbarsa in ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya, kada a zuba mai ko ruwa ko nono ciki. Irin shuka da aka cuɗa da magani kada mutum ko dabba su ci. Ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhu tana fid da iska mai kisa. Kada a sa ta a ɗakin da a ke kwana. Maganin kaɗa ɗakinsa dabam, a kulle, inda yara ba sa kaiwa.

TUN DAGA GONA

Tanadi na gaskiya da shuka ya ke farawa. Kada ka ba kaɗa gonarka duka. Auna filin da zai ciyar da gida tukuna, sa'an nan ka yanka wa kaɗa nata. Inda ka yi kaɗa bana, sa dawa ko masara baɗi, za su ci sauran takin da ta bari. Inda ka yi wake, ƙasa tana samun ƙarfi. Kadada ɗaya ta kaɗa da ta sami noma da feshi kan kari ta fi kadada biyu da maigida ya bari ya tafi neman awo.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a karanta wa mata kuma, gama su ke riƙe da mudu. Wanda lissafi ya shige wa duhu ya zo da yawan mutanen gidansa da yawan daminsa wurin malamin gona ran kasuwa, za mu zauna mu yi tare. Allah ya ba mu zaman lafiya da damana mai albarka, amin.